Sanyin da Ba na Ƙashi Ba

Kawu Arzika yayan Innarmu ne, ciki ɗaya, amma sai da na yi aure har na yi goyon fari sannan na fara sa shi a ido. Kafin nan labarinsa kawai nake ji, shi ma ba mai daɗi ba. Yana saurayi ya bi wani falke rakiyar shanu zuwa Ikko, suka hau jirgin ƙasa a Gusau. Shanu suka isa lafiya, falke ya dawo, Arzika shiru. Kakarmu ta bar duniya tana tambayar ko an ji ɗuriyarsa, kuma wannan ne abin da Inna ta riƙe shi da shi.

Ya dawo Bunguɗu a shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha. Da hantsi aka ga wani dogon dattijo ya sauka daga motar Gusau da jakar buhu guda, ya tsaya ƙofar gida yana sallama da wata irin Hausa da ta sha ruwan kudu. Inna ta leƙo, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ashe kana da rai." Ta koma ciki ta ɗora tukunya. Iyakar marabar da ya samu ke nan. Aka share masa ɗakin da ke jikin zaure ya shiga, ba mata, ba ɗa, kunnensa na hagu kuma ya mutu. In kana masa magana sai ya karkato da na dama, ya zuba wa ƙasa ido. 'Yan shekaru kaɗan ya yi tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma har yau ina jin haushin yadda muka ɓata rabinsu wajen yi masa dariya.

A hankali muka san inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da farko nutso yake yi da bokiti a babban tafkin Ikko, yana ɗebo yashi daga ƙasa ana loda wa kwale-kwale. Can kunnen ya fashe. Daga baya ya samu leburanci a wani jirgin ruwa da ke fita cikin teku duba bututun da aka shimfiɗa a ƙasan ruwa, shi aikinsa jan igiya da riƙe wa masu nutso kaya. Bai tara komai ba. Abin da ya kawo mana tsaraba labarin teku ne, mu da babban ruwan da muka sani shi ne gulbi in ya ciko da damina. Nan da nan aka laƙaba masa Na-Teku, kuma ba don girmamawa ba.

Labari ɗaya ya fi maimaitawa. Wai ranar da teku ya kwanta lumui, ranar ce masu nutso suka fi shan jinin jikinsu. Wai ruwa hawa biyu ne, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa don ya fi nauyi, kuma ba sa yarda su gauraya. Inda suka haɗu akwai igiyar ruwa tata ta daban, mai tafiya a hankali, wadda tsayinta ya fi soro. Idan ta iso inda ƙasan teku ya yi gangare sai ta hau, ta sauko, ta sake hawa, kowace saukowa tana jan yashi, har wata rana gangaren ya ɓalle gaba ɗaya ya rufta kan bututu. Kai da ke cikin jirgi ba ka ganin komai sai wasu dogayen layuka masu santsi a fuskar ruwa, kamar kunyoyin gona.

Wa zai yarda da wannan? Wata rana da aka dame shi da gardama sai ya cika kwalba, rabi ruwa rabi kananzir, ya toshe baki, ya kwantar da ita a tafin hannu, ya ɗan karkata ya mayar. Muka ga layin da ke tsakani yana lilo a hankali, yana kai wa yana komowa, alhali kwalbar ko motsi ba ta yi. Ni abin ya burge ni. Inna kuwa kananzir ɗinta ta gani, a lokacin da sai mutum ya wuni a layi a Gusau kafin ya samu na fitila. Ta yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Da yake ba ya iya zama haka nan, ya samo wa kansa abin yi. A bayan gari akwai wani tsohon dam na ƙasa, mai zurfi ƙwarai a tsakiya, masu noman rani sun kewaye shi da injinan ban-ruwa. In bakin tiyo ya toshe da laka ko ciyawa, Kawu ake kira ya nutse ya buɗe. Wani ya ba shi albasa, wani tumatir, wani ya ce Allah ya saka. Duk ya karɓa.

Mu ma a dam ɗin nan abincinmu yake. Inna, wato Uwa Mai-Daddawa, ita ce babba a matan unguwarmu masu wannan sana'a. Takan sayo kalwa a kasuwar Tsafe, mu dafa ta wuni guda, mu surfa da toka, sannan mu kai ruwa a kwanduna mu wanke ɓawon. Wurin wankin namu ana ce masa Farin Yashi. Gangare ne mai sauƙi, ba laka, ba santsi, yashinsa fari ƙal kamar an tankaɗe. Ƙa'idoji biyu gare mu, mun gaje su. Ta farko, ba a shiga ranar iska, sai an bari ruwa ya kwanta. Ta biyu, tsayuwa bisa girma ake yi. Babba ita ke can gaba inda ruwa ya kai ƙugu kuma ya fi tsabta, mai bi mata a bayanta, har a zo kanmu yara da ruwa bai wuce mana ƙwauri ba, muna karɓar kwandon da aka gama muna miƙa wani. Inna ce a gaba, ni ina can baya da Sadiya a goye.

To, duk manyan nan suna fama da sanyi. Inna ta fi kowa. Kowace tafiya Tsafe sai ta dawo da ƙunshin saiwoyi da man shafawa, ta jiƙa abin da ko akuya ba za ta lasa ba, ta toshe hanci ta shanye. Mai bi mata nata da sauƙi, ta bayanta ya fi sauƙi, mu yara kuma lafiya lau. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Sanyin ƙashi ai da shekaru yake zuwa, muna jiran namu.

A bazarar shekarar da ta biyo bayan dawowarsa, na je gida da yamma na tarar Inna tana shan jiƙon nan tana yamutsa fuska, Kawu na zaune a bakin zaure yana ɗinke takalminsa. Sai ya karkato da kunne.

"Uwa, sanyin ga naki, yaushe shi ka kama ki?"

"Ina ruwanka? Ko likita kaz zama can Ikko?"

"Tambaya dai ta."

Ta yi tsaki, amma mai ciwo ba ya ƙin ba da labarin ciwonsa. Ta ce, "Cikin ruwa shi ka hwara min. Daga idon sawu shi hau hab bisa guiwa, shi tsaya, shi sauka. In an jima shi koma hawa. Kahin in hito ƙahwahun nan kamar ba nawa ba."

"Kullum?"

"In anka yi iska jiya, to yau ba ni da ƙahwa."

"Da damana hwa?"

"Da damana lahiya lau nike."

Kawu ya aje takalmin. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Uwa, wanga ba ƙashinki ba na. Ruwa na." Sannan ya faɗa mana abin da ya gani kwanakin baya, da ya nutse neman bakin wani tiyo kusa da wurinmu. Gaba kaɗan da inda Inna ke tsayawa, gangaren ya cinye ta ƙasa, ya yi rami kamar bakin murhu, har ya zura hannu zuwa kafaɗa bai taɓo ƙarshe ba. Ya ce iska ce ke tura ruwan ɗumi gefe guda, in ta tsaya sama ya kwanta, na ƙasa mai sanyi kuma lokacin yake fara lilo, yana hawa gangaren yana sauka. "Yashin ga da kuka ganin hwari, share shi a ka yi. Kuma mai sharar yana ci daga ƙasa. Ku tashi daga wurin nan, don Allah."

Inna ta dube shi, ta ce, "Tun kana can kana yawon duniya nike tsaye wurin nan. Wanda bai zo jana'izar uwatai ba, shi za ya koya min inda zan aje ƙahwa?"

Maganar ta yi nauyi. Kawu ya ɗauki takalminsa ƙafa ɗaya a hannu ya fita. Ni kuma raina ya ɓaci da su duka, ita don bakinta, shi don ya sa min tsoron da ban san inda zan kai shi ba. Daga ranar duk sanda na hango Inna can gaba, ruwa ya kai mata ƙugu, sai gabana ya faɗi.

Akwai wani Malam Lawali, mai injin da ya fi kusa da Farin Yashi, shi kaɗai yake sauraron Kawu ba ya dariya. Shi ya ba shi shawara mai sauƙi. Ya ce ya daina wahalar da kansa da zancen ruwan sama da ruwan ƙasa, ya faɗa wa mata kawai cewa ya ga mutanen ɓoye sun tare a wurin, ko mace ɗaya ba za ta ƙara taka shi ba. Gaskiya ni da aka ba ni labari na so ya yarda. Kawu ya ƙi. Ya ce, "Ban ga aljani ba, ba ni cewa na gani. Kuma in nic ce haka, gobe su kira malami shi yi addu'a, jibi su koma." A nan na san kurman nan ya fi mu sanin halin matan unguwarmu.

Sai ga Kawu a gidan mijina, inda bai taɓa zuwa ba. Bayan sun gaisa da maigidan ya ce a kira ni. Ya ce, "Hanatu, abu guda nika roƙo. Ranar da anka yi iska, washegari ki wuce ki tsaya inda uwarki ka tsayawa. Sau guda. Kada ki wuce wurinta ko da taki, kuma ki tsaya shiru."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ga abin wasa ne. A wurinmu, yarinya ta ratsa manya ta tsaya gaban uwarta a ruwa, rashin kunya ne da za a yi ta maganarsa har a gidan suna. Na ce masa zan yi tunani. Ban yi wani tunani ba, na riga na san zan yi, don in ban yi ba tsoron nan zai kashe ni kafin ruwa ya taɓa kowa.

Ba a daɗe ba aka yi wata iska mai zafi da ta wuni tana kaɗa ƙofofi. Washegari gari ya yi tsit, dam ya kwanta kamar faranti. Muka sauke kwanduna. Kawu yana can nesa gindin wata ƙirya, ya juya mana baya, don maza ba sa zuwa wurin wankin mata. Na kwance Sadiya na miƙa wa ta kusa da ni, na ɗaure zani, na ratsa layi. Ina jin salati yana bi na a baya.

Inna ta ce, "Ke Hanatu, hankalinki guda?"

Na ce, "Inna, ki zage ni in mun koma gida. Yau dai ki ba ni wurin ga."

Ta fusata. Ta dangwarar da kwandonta a kan ruwa, ta juya ta fita har baya, ta tsaya inda nake tsayawa, ta riƙe ƙugu tana jiran ganin ƙarshen rashin kunyata.

Ruwan ɗumi ne, kamar wanda aka sirka wa jariri. Na tsaya. Ba komai. Na ƙara tsayawa, har aka fara ƙus-ƙus ana dariya, wata ta ce ko ita ma tekun take jira. A raina ba abin da ban kira Kawu ba. Ina shirin juyawa in nemi gafara sai na ji abu ya kama min idon sawu, sanyi kamar na randa da asuba. Ya hau ƙwauri a hankali, ya wuce gwiwa, ya tsaya a cinya. Daga ƙugu zuwa sama ina zufa, fuskar ruwa ko motsi ba ta yi. Da ya fara sauka na ji yashi yana zamewa daga ƙarƙashin dugadugaina, yana tafiya wajen zurfi. Na kurma ihu.

"Ga shi! Wallahi ga shi! Inna, sanyinki ya kama ni!"

Gwaggo Sa'adatu, wadda ke bi wa Inna a girma, ta ce ita ma ya taɓa ta. Ta bayanta ta ce ita tukuna. Kawu ya ɗaga murya daga gindin ƙirya, bai juyo ba, ya ce kowa ta tsaya inda take, wadda ya iso ta faɗa. Muka tsaya. Da ya dawo ni ya fara kamawa, sai Gwaggo, sai ta bayanta, bi da bi kamar ana rabon goro, kuma da zai tafi ta baya ya fara saki. Inna tana can wurin yara, ruwa a ƙwauri, ba ta ji komai ba.

Gwaggo Sa'adatu ta fashe da dariya har da hawaye. "Ashe shekara da shekaru maɗaci nika sha a banza! Mai maganin Tsahe ya ci amanata!" Kowa ya ɗauka. Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta a cikin ruwa, sannan ta ce, "A kwashe kwanduna."

Muka koma ɗaya gefen, inda falalen dutse ya gangara cikin ruwa. Kada wani ya zaci an gama. Wurin ya fi nisa, dutsen yana ƙona tafin ƙafa, ruwan kuma ba shi da tsabtar na Farin Yashi, sai mun yi ɗauraya biyu. Inna ta yi ta mita kullum, ni ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Ta yarda sanyin na ruwa ne, tun da ta gani da idonta, har ta daina jiƙo. Amma zancen gangare zai ɓalle, wannan ta ce tatsuniyar Ikko ce. Ta faɗa a gaban kowa cewa in ruwan fari ya sauka wurin yana nan, za ta koma, kuma wanda ya isa ya hana ta.

Kawu ya san ƙanwarsa. Daga ranar, duk safiyar da ta biyo bayan iska sai ya tafi gindin ƙiryar nan ya zauna, ya tsare Farin Yashi, ko da za ta yi zuciya ta koma kafin lokacin da ta ɗiba. Masu injina su aiko, ya ce su yi haƙuri sai azahar. Wasu suka gaji suka samu wani. Mutane suna wucewa suna cewa Na-Teku yana gadin ruwa kada a sace. Bai taɓa tanka wa kowa ba. Mutumin da aka yi wa gorin uwarsa a tsakar gida, shi ne ya zauna cikin zafin bazara yana gadin wadda ta yi masa gorin. Ban san da me ake biyan irin wannan ba. Ni dai ban taɓa ɗaga hannu bayan sallah na manta da shi ba, kuma na koya wa 'ya'yana sunansa tun kafin su iya kiran na kakansu. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta.

Ana gab da ruwan fari aka haɗa wani hadari mai ƙarfi, ya zo da iska ya watse ba ko ɗigo. Washegari muna kan dutse muna wanki, gari tsit, sai ga Malam Lawali ya zagayo da sauri. Ya ce shi bai ji ƙarar komai ba. Yana gyaran inji ya ɗaga kai ya ga ruwan gaban Farin Yashi ya koma ja, yana faɗaɗa, kumfa na tasowa da warin ruɓaɓɓiyar laka, shi ke nan.

Inna ta aje kwando ta kama hanya, muka bi ta. Mun tarar da Kawu a tsaye a bakin ruwa da doguwar gora, irin ta kaɗo mangwaro. Wurin yana nan kamar kullum in ban da launi, har ruwan ya fara kwantawa. Inna ta tsaya kusa da shi, ta ɓangaren kunnensa mai ji.

"Ina wurina?"

Ya nuna mata da gora, can gaba, inda ba komai sai jan ruwa. Ta ce ya gwada mata. Ya ce ba ya isa can. Ya durƙusa a busasshiyar ƙasa, ya zura gorar nan kusa, inda a da ruwa bai wuce ƙwauri ba. Ta shige, ta yi ta shigewa, har hannunsa ya bi ta zuwa gwiwar hannu, ba ta taɓa ƙasa ba.

Inna ta ce, a hankali, "Nan Hanatu ka tsayawa da goyo."

Ta juyo ta kama ni a wuyan hannu, ta ja ni muka bar bakin ruwan. Kwandunanmu suna can kan dutse, ba ta ko waiwaye su ba. Haka ta ratsa da ni ta cikin gonakin albasa, ta bakin kasuwa, mutane na kallon matar aure da goyo ana jan ta kamar 'yar yaye, Kawu na biye da mu daga nesa da jiƙaƙƙiyar gorarsa. Riƙon yana min zafi. Ban ce ta sake ni ba har muka shiga gida.